Ƙafar da Ke Tsaye

"...lafiya lau, duk suna gaishe ka. To kai fa? Ni da na taho da shirin kuka, ashe kana nan kana tare wa asibiti gado?"

"Ina nan daram. Sai na binne ka tukuna."

"Da wane ƙarfin? Kofin shayi ma sai an riƙe maka."

Haka Bahago ya shigo, baki a gaba, kamar yadda ya saba shigar wa kakansa tun yana ɗan shekara biyar. Ɗakin majinyata maza ne a hawa na uku, gado shida, fanka ɗaya tana juyawa kamar an sa ta dole. Gadon tsohon shi ne na bakin ƙofa, dab da kan matakala. Kowa Koci yake ce masa, har da nas, ko da yake bai taɓa horar da kowa ba. Aikinsa shekara talatin shi ne yawo fili-fili yana zaɓo wa ƙungiyar masaƙa 'yan wasa. Yanzu ciwon suga ya cinye shi, ƙoda ta biyo baya, shekaranjiya kuma likita ya ja mahaifin Bahago gefe ya ce a yi ta addu'a. Duk gidan an san abin da hakan ke nufi.

Shi ma Bahago da nasa nauyin ya zo. Gobe da safe yake da gwaji. Wani mutum daga wata ƙungiya ta ƙasar waje ya ga bidiyonsa na minti huɗu a waya, ya ce zai zo ya gan shi da idonsa. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne, mako uku da suka wuce gwiwarsa ta dama ta yi ƙas a wajen atisaye. Likitan ƙashi ya ce jijiya ce ta yage rabi. In aka yi aiki ya huta, zai iya dawowa bayan shekara. In ya buga a haka ta ƙarasa tsinkewa, to shi da ƙwallo sai dai kallo. Bai gaya wa kowa ba. A aljihunsa akwai 'yan kwalabe biyu na allurar kashe zafi, wani mai kemis zai yi masa kafin ya shiga fili. Lif ɗin asibitin ya lalace, matakala hamsin da huɗu ya hawo, sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya goge gumi sannan ya gyara fuska.

Abu ɗaya ya kawo shi. Mutumin da gari ya yarda da idonsa bai taɓa ce masa "ka iya" ba, ko sau ɗaya, lokaci kuma ya ƙure.

"Yau dai ba ka da mafita," in ji Bahago, yana kwance leda. "Sati guda kana ce min tabaraunka ya fashe. Ga sabo, mafi ƙarfi a shagon. Mai shagon ya ce duk wanda wannan bai yi wa ba, a saya masa sanda."

"Wa ya aike ka?"

"Matata."

"Matarka! Matar da na aura tun ba a san za a yi ubanka ba?"

"Ita fa. Ta ce ta gaji da tsohon da ko ta yi kwalliya ba ya tankawa. Jira kawai take ka ba mu wuri."

"Ka ciyar da ita da me? Da bidiyo?"

"Da dala. Bari dai a yi gwajin gobe."

"Dala a bakinka, rami a aljihunka. Miƙo in gani."

Tsohon ya miƙo hannu, hannun ya wuce ta gefen tabaraun ya kamo iska. Bahago ya ɗauka rashin ƙarfi ne, ya danƙa masa a tafin hannu. Koci ya lalubi kunnuwansa ya maƙala.

"To, ya ka gan ni?"

"Munin ya ƙaru. Da kan kawai nake gani kamar bokiti, yanzu har da kunnuwan."

"Kunnuwanka ne ai, gado na yi. Ga wayar. Minti huɗu kacal."

"Mayar da abarka aljihu. Ba na kallon ɗan wasa a gilashi."

"Tsoho, kar mu fara."

"Mun ma gama. A waya kowa gwani ne. Ka ba ni akuya da mai yanka bidiyo, gobe in fito maka da ɗan wasan gaba. Minti huɗu! Wasa minti casa'in ne. Ina sauran tamanin da shida? Ina inda aka ƙwace maka ƙwallo ka tsaya riƙe da ƙugu kana zagin alƙali?"

"An yanke."

"Ai na sani. Wurin da aka yanke shi nake zuwa gani. Wani yaro ya taɓa zura uku a gabana, jama'a suka ɗaga shi sama, ni kuwa na rufe littafina na ɗauki wanda ya faɗi sau biyu a taɓo. Shugaban ƙungiya ya kusa korata. Shekara goma sha ɗaya yaron nan ya yi mana."

"Wannan labarin na ji shi ya fi sau ɗari. Duk shekara ƙwallayen ƙaruwa suke. Bara biyu ne."

"To saurari wanda ba ka taɓa ji ba, marar kunya. Kamara ƙwallo take bi, kamar kare ya ga nama. 'Yan kallo ma haka. Ni tunda nake ban taɓa kallon ƙafar da ke bugu ba, wannan ta shan tafi ce. Ƙafar da ke tsaye nake kallo, wadda ke ɗauke da mutum lokacin da 'yar'uwarta take burge jama'a. In ta kafu, ɗan wasa ne. In tana rawa, ko ya ci goma ba na so. Wane bidiyo ne zai nuna maka ita? Ko hotonta ba a ɗauka."

Da hagu yake bugu, shi ya sa ake ce masa Bahago, ƙafarsa mai tsayuwa kuwa ita ce ta dama. Ya janye ta a hankali ya tura ƙarƙashin kujera.

"Zamani ya wuce ka," in ji Bahago. "Yanzu mutum yana zaune a ofis a wata ƙasa zai sayi ɗan wasa, bai taɓa jin warin guminsa ba."

"Shi ya sa mutumin naka ya hawo jirgi? In bidiyon ya ishe shi, me ya zo nema? Kyawun fuskarka?"

"Ladabi ne irin nasu."

"Ladabi! Ƙafarka ya zo dubawa, sakarai."

Bahago ya dubi hannun kakansa, fata ta kwanta a kan ƙashi, filasta ta rufe inda ake sa masa ruwa. Sai maganar ta kuɓuce masa, da sigar wasa ya fara ta amma ba ta ƙare a wasa ba.

"Minti huɗu, Tsoho. Ko a 'yan kwanakin da suka rage maka ai ba za ka rasa minti huɗu ba."



"Kawo," in ji Koci.

Nas ɗin da ke gyara wa na gado na huɗu ruwa ta ɗago ta ce ban da ƙara, akwai masu barci. Bahago ya kashe muryar, ya kunna bidiyon, ya sa wa kakansa a hannu. Tsohon ya riƙe da hannu biyu, ya kawo ta kusa da sabon tabarau, ya ɗaure fuska irin ta aiki.

"Dubi gudu, kamar an biyo ɓarawon takalmi."

"Ai da gudun na wuce mutum uku."

"Uku masu ciwon baya. Wannan kuma ai gola ne ya ba ka sadaka. Ka biya shi ko ɗan ajinku ne?"

Bahago ya yi dariya, ta farko ta gaske cikin mako uku. Zagi ne, amma dai yana kallo. Ya tashi ya zagaya bayan gado don su ga ta uku tare, wadda ya buga daga wajen da'ira ta shige ta lungun raga. Ya leƙa ta kafaɗar tsohon.

Wayar a kashe take. Babban yatsan Koci yana kan maɓallin gefe, da alama tun karɓar farko ya danne shi. Baƙin gilashi ne kawai, sai inuwar fuskokinsu biyu a ciki. Tsohon kuwa yana ta gyaɗa kai.

"Ka gani ko? Ba ka ɗaga kai. Ga abokinka can shi kaɗai, kai sai son zuciya."

Bahago ya ɗaga hannu a hankali ya kaɗa shi a gaban tabaraun. Idanun ba su motsa ba.

"Wacce kake kallo yanzu?" ya tambaya.

"Ta uku mana."

"Wayar a kashe take, Tsoho."

Koci ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya kifa ta a kan ƙirjinsa.

"To shi ya sa wasan naka ya yi kyau yau."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara. Na farka da safe na ce wa kakarka ta buɗe labule, ta ce a buɗe yake. Ita kaɗai ta sani. In ka gaya wa ubanka ya zo yana yi min kuka a ka, sai na tsine maka."

"Ka bar ni na je na sayo tabarau."

"Wa ya aike ka, na ce?"

Bahago ya koma kujera ya zauna. Tausayi ya cika shi, da haushi, bai san wanne ya fi ba. Ya yi ta maza ya nemo abin wasa, don tsakaninsu ba a yin kuka.

"Mai zaɓen 'yan wasa babu ido. An gama da kai."

"Ɗan wasa babu gwiwa. Mun tashi canjaras."

"Wace gwiwa? Wa ya ce maka..."

"Matakala ce ta faɗa min. Tun daga hawa na biyu nake jin ka. Kai da tun kana yaro biyu-biyu kake tsallaka matakala kamar an saki ɗan akuya, yau ɗaya-ɗaya. Ta hagu ta hau, ta dama ta biyo a jaye. Ka zo ƙofar nan ka tsaya kana haki, kana tsammani ba wanda ya ji. Sannan aljihunka sai ƙara yake kamar na mai tallan turare. Mene ne a ciki?"

"Makullai ne."

"Makullin gilashi? Na gidan uban wa? Matso nan."

"Ba komai fa, ɗan targaɗe ne."

"Matso na ce."

Ya matsa. Hannun tsohon ya lalubo cinyarsa, ya gangara, ya tsaya a kan gwiwa ya ɗan matsa. Bahago ya cije leɓe, amma numfashinsa ya tona shi.

"Wannan ba gwiwa ba ce, burodi ne da aka fito da shi daga wuta yanzu. Ka ce wa wayarka ta nuna min wannan zafin. Me likita ya ce?"

Bahago ya faɗa masa duka, kansa a sunkuye. Rabin jijiya, aiki, shekara guda.

"Kai kuma ka ce allura ta fi likita sani."

"Rabin wasa kawai za mu buga. Minti arba'in da biyar. In na wuce, can za su gyara ni."

"Allura zafi take kashewa, ba ta ɗinki. Ka san maigadin ƙofar masaƙa, mai zama a kujera da ƙafa a miƙe?"

"Na san shi."

"Ni na zaɓo shi, yana ɗan sha tara. Ranar wasan ƙarshe na ga ƙafarsa mai tsayuwa tana rawa tun wajen motsa jiki. Na san an yi masa allura. Na yi shiru, saboda muna son kofi. Minti ashirin ya yi aka fitar da shi a gadon ɗaukar masu rauni. Mun ci kofin kuwa. Shekara ashirin da shida ke nan, duk ranar da na wuce sai ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni. Da zagina yake yi da na fi samun barci."

Bahago bai taɓa jin wannan labarin ba. Shi kam ba a ƙara masa ƙwallaye duk shekara.

"Shekarata ashirin da uku, Tsoho. Mutumin nan ba zai dawo ba."

"Mai yiwuwa."

"Mai yiwuwa? Lallashin ke nan?"

"Ni ba uwarka ba ne. In mutumin gobe ya san aikinsa, minti biyar ya ishe shi ya gano ka, ka rasa gwajin ka rasa gwiwar. In bai san aikinsa ba ya ɗauke ka, likitansu ya gano ka, ka dawo da sanda. Zaɓi wanda kake so."

A nan abin da Bahago ya daɗe yana haɗiyewa ya taso masa.

"Kai da sauƙi ne a wurinka! Dama can ba ka taɓa ganin na iya ba. Ɗan kowa ka je ka gani, cikin rana, cikin ruwa, har mota kake hawa ta awa shida. Ni da ke cin abinci kwano ɗaya da kai, ko sau ɗaya ba ka taka fili don ni ba. Yanzu ga shi idon ya tafi. Shi ke nan, ba za ka taɓa gani ba!"

Nas ta juyo, ta ga fuskarsa, ta mayar da kai ga aikinta.

"Ka gama?" in ji Koci. "To buɗe durowar nan. Ƙarƙashin tawul."

Ɗan littafi ne mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. Bahago ya san shi. Yana yaro ya taɓa shan mari a kan ya buɗe shi.

"Jiya na sa kakarka ta kawo. Shafin ƙarshe. Karanta da ƙarfi, ni na manta tabarauna."

Kwanan watan na shekara biyu da suka wuce ne. Bahago ya tuna ranar, an yi ruwa, an ci su biyu da nema, shi kuma bai yi abin kirki ba ko ɗaya. Babu daƙiƙa guda ta wasan nan a bidiyonsa.

"Lamba sha ɗaya," ya karanta. "Baki ya yi yawa. Ba ya komawa baya. Son zuciya." Ya ci gaba. "Ƙafar dama, ko a taɓo ba ta motsi. Ban taɓa ganin irinta ba. A ɗauka."

"A bayan katangar gidan gola na tsaya, da leda a ka, kamar mahaukaci. Mura ta kwana goma na kwasa saboda kai."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In faɗa maka kanka ya ƙara girma? Da wace ƙofa za ka riƙa shiga? Juya baya ka ƙirga sau nawa na rubuta 'a ɗauka' a shekara talatin. Ba su kai yatsun hannuna ba."

Bahago ya danne idanunsa da bayan hannu. Yabon da ya yi shekaru yana nema ga shi a hannunsa, kuma ƙafar da aka yaba ita ce yake shirin kashewa gobe da safe.

"Ba kyauta ba ne fa," in ji tsohon, ya buɗe tafin hannu. "Musaya ce. Kawo turaren."

Bahago ya daɗe hannunsa yana cikin aljihu. Ya hango mutumin nan gobe a bakin fili, ana kiran lamba sha ɗaya ba a amsa ba. Ya zaro kwalba ɗaya ya ajiye a tafin kakansa. Koci ya kai ta kunne ya girgiza.

"Ɗan ɓarawo. Kwalba ɗaya tana ƙara ita kaɗai? Ina 'yar'uwarta?"

Dariya ta ƙwace wa Bahago, hawaye na bin ta. Ya fito da ta biyun ya haɗa masa.

"Ka ci, Tsoho. Makaho ya yi min biyu da nema."

"A gidanka ma, gaban 'yan kallonka." Ya damƙe kwalaben, ya tura ƙarƙashin matashi. Sannan ya cire tabaraun ya miƙa wajen da yake jin muryar. "Ungo, kai wa mutumin gobe. Ka je da ƙafarka ka gaya masa gaskiya. In mai ido ne, zai rubuta sunanka ya ajiye."

"In kuma ba mai ido ba ne?"

"To ga tabarau."

"Shekara guda fa, likita ya ce."

"Mene ne shekara guda? Ranar da ka warke ka hawo min matakala biyu-biyu, in ji ka tun daga ƙasa."

Su duka biyun sun san ranar ba za ta iske tsohon a gadon nan ba, ba kuma a wani gado ba. Bahago ya ce to. Ya sa littafin a aljihun da kwalaben suka fito, ya gyara wa tsohon bargo, ya ce zai gaida matarsa in ya gamu da ita a hanya.

Ya fara sauka, wannan karon bai ɓoye ɗingishin ba. Ya kama ƙarfen matakala, ya saukar da ta dama a hankali, ta hagu ta biyo. Ya kusa kaiwa hawa na biyu sai muryar ta biyo shi daga sama, a shaƙe, nas tana ta cewa a yi shiru.

"Kai, ɓarawon matata! Taka ta a hankali. Ƙafar nan ni na zaɓe ta."